Kunnen Ɗan Fari

Shekarar da aka kulle mu a gida saboda korona, ba wanda ya kai ni cika baki a unguwarmu ta Gusau. Ofis a rufe, makarantun yara a rufe, maza sun koma zaman kashe wando a ƙofar gida suna gardamar ko cutar gaskiya ce ko ƙarya. Ni kuwa na ce ba zan bar lokaci ya wuce ni a banza ba. Na fara da gyaran fanka. Na kwance ta ɗakina gaba ɗaya ina kallon yadda ake yi a waya, kuma har yau tana cikin buhu a bayan ƙofa. Na koma haɗa sabulun ruwa, ya fito kamar kunun kanwa, mai ɗakina ta hana a wanke ko da cokali da shi. Daga nan na ce sana'ar hannu ba tawa ba ce, ni mutumin ƙwaƙwalwa ne. Na sayi abin sauraro na kunne, irin mai doguwar farar igiya, na sauke darussan Faransanci, na shige ɗaki ina maimaita abin da wata mata ke faɗa mini ta hanci.

Ba ƙaramin jin kaina na yi ba. In yara suka kawo mini ruwa sai in yi musu godiya da Faransanci, su fita suna ƙunshe dariya. Wata rana mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, wai don Allah wa ad da kai a Hwaransa?"

Na ce ilimi ba ya tambayar wa kake da shi.

Ta ce, "Gaskiya ne. Amma dai ga Inna can Bunguɗu, ita kana da ita." Ta ci gaba da shararta.

Na yi fushi ƙwarai, kuma fushin da ya fi zafi shi ne wanda mutum ya san an taɓa shi daidai wurin ciwo. Inna ita ce mahaifiyata. Bafulatana ce, daga wata ruga a gindin duwatsun Kwatarkwashi. Mahaifina Bahaushe ne ɗan Tsafe, mai sayen hatsi a ƙauyuka, a nan ya gan ta ya aure ta. Ni ne ɗanta na fari. Da aka yaye ni, kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Tsafe kamar yadda aka saba, kafin in yi wayo kuma auren ya mutu. Inna ta koma cikin danginta, ta auri ɗan'uwanta, ta haifi wasu. Su suka tashi da Fulatanci a bakinsu, ni na tashi a Tsafe ban san ko sunan ruwa da yaren uwata ba.

Ga shi kuma ni ɗan fari. Wanda ya san Fulani ya san abin da nake nufi. Ko Hausawa suna kunyar ɗan fari, amma ta su Inna daban ce. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon fuskata ido da ido ba, ba ta taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba. In na je gaishe ta na durƙusa, sai ta juya gefe ta amsa da "lahiya" guda ɗaya, shi ma kamar ƙasa take gaya wa. Ina yaro tana ce mini "na Tsahe" in zancena ya kama dole. Da na kama aiki na koma "mutumin Gusau". Ban taɓa riƙe ta da wannan ba, na san al'ada ce. Amma sanin abu al'ada ne ba ya hana shi ciwo, kuma na girma da wannan ciwon ban gaya wa kowa ba.

A 'yan shekarun nan ta dawo cikin garin Bunguɗu, wurin ƙanwata, autarta, bayan ɓarayin daji sun kore musu shanu kuma mijinta ya rasu. Ga hawan jini, ga ƙafa. 'Yar Hausar da take da ita ma ta fara ja da baya, Fulatanci ya cika bakinta kamar yadda ya faro. Kuma akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi. Duk lokacin da na je, in na gama gaisuwa na zauna a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, sai Inna ta ba ni baya, ta kama yi wa ƙanwata magana. Doguwar magana, ƙasa-ƙasa, ba ta tsayawa. Ƙanwata na wanke-wanke ko tankaɗe tana amsawa da "uhm". Wani lokaci ta ɗago ta kalle ni ta yi murmushi, wani lokaci ta sunkuyar da kai. Da na tashi tafiya maganar za ta yanke.

Na sha tambayar ƙanwata in ta rako ni bakin hanya, "Me Inna ke cewa?"

Kullum amsarta ɗaya ce. "Ba komi, Yaya. Zancen awaki ne."

Awaki biyu ne a gidan. Ban ga abin da awaki biyu za su yi da zai isa zancen wuni guda duk zuwa ba. Zuciya kuwa ba ta zama babu komai a cikinta, sai ta cika gurbin da mafi munin abin da ta samu. Na yanke wa kaina cewa ƙorafi take yi: ba na zuwa a kai a kai, na zama baƙo, na zama Bahaushe, abin da nake kawowa bai taka kara ya karya ba. Na kan dawo Gusau a cikin bas ina juya wannan a raina har in sauka. Saboda haka maganar mai ɗakina ta same ni a nune. Bayan kwana kaɗan na goge darussan Faransanci, ban gaya mata ba don kada ta ga ta ci ni.

Koyon Faransanci abin alfahari ne, ana yinsa ƙofa a buɗe. Fulatanci kuwa rufe ƙofa na yi. Lokacin ba lokacin ɗaga murya da shi ba ne a cikin gari. Abin da ke faruwa a dazukanmu ya sa an yi wa Fulani kuɗin goro, mutum ya yi waya da yaren a cikin mota sai ka ga ana kallon juna. Uwata da aka raba da shanunta da wanda ya raba ta da su, a kunnen mutane duk ɗaya ne. Na san wannan zalunci ne, na kan faɗa a majalisa. Amma da na zo maimaita kalmomi sai na ga ina rufe taga, kada maƙwabta su ji. Ranar da na kama kaina da hannu a kan tagar na ji kunya sosai, kuma duk da haka na rufe ta.

Abin da ke waya bai kai ni ko'ina ba, yawanci na mutanen gabas ne, ga sauri. Sai na tuna da maƙwabcinmu, wani dattijo tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, Bafulatani ne amma ba ka jin haka a bakinsa sai ya so. Muna sallah masallaci ɗaya shekara da shekaru, bai san uwata Bafulatana ba ce, don ban taɓa faɗa ba. Na je zaurensa bayan La'asar, na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi lafiyar ƙafarsa, na tambayi farashin taki, kafin in fito da abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har ƙarshe yana murza carbi.

Ya ce, "Kai ne na fari wurinta?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "To kunne kaka so ko baki?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Yare kashi biyu ne, Malam. Akwai na ji, akwai na hwaɗi. Ɗan fari kunne ya ishe shi."

Na yi dariya, na ɗauka irin zancen tsofaffi ne. Na ce duka nake so, ni ba na yin abu rabi. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, mu fara.

Haka muka yi ta yi, kulle ya ƙare ba mu daina ba. In na taso daga ofis na ci abinci, maimakon majalisa sai zaurensa. Ya nuna buta ya ce ndiyam, ruwa ke nan. Ya nuna ƙwaryar furarsa ya ce kosam, nono. Ni da furfura a gemu ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya, harshena na harɗewa, shi kuma ba ya dariya, abin da ya fi dariyar ciwo. Ya kan ɗaukar mini muryarsa a waya, in dawo gida in sa abin kunnena in yi ta saurare ina gugar kayan ofis ko ina ba kaji dusa. Da aka yanke layukan waya a jihar nan, mutane na ta kuka, ni ban rasa komai ba, don muryar dattijon na cikin wayata. In shirin Fulatanci ya zo a rediyo sai in rage murya in kanga a kunne. Mai ɗakina ta gane tun tuni, amma Allah ya saka mata, ba ta ce uffan ba. Sai dai ta fara ajiye mini fura da rana ba tare da na tambaya ba.

Kunnen ne ya fara buɗewa. Da farko yaren kamar ruwan sama ne a kan kwano, ƙara kawai. Sannu a hankali kalma ta fara fitowa daga cikin ƙarar, sai biyu, sai rabin zance. Wata rana mai tallar nono na faɗa da 'yarta a ƙofar gidanmu, na ji na gane cewa a kan ludayi ne da ya ɓata. Na yi murna kamar an ƙara mini girma a wurin aiki.

Zuwan da na yi Bunguɗu bayan wannan, na shiga gidan da kunnena a buɗe. Na gaishe ta da Hausa kamar kullum, ta amsa wa ƙasa kamar kullum. Na zauna ƙarƙashin dalbejiya. Ta ba ni baya, ta fara. Na shirya jin laifina, har na shirya amsar da zan ba kaina a hanya.

Ba duka na gane ba, amma abin da na gane ya ishe ni. Cewa take yi na rame. Wuyana ya fito. Furfurar ta ƙaru a kan ta wancan zuwan, ta gefen dama ta fi yawa. Ta ce wa ƙanwata kada ta ba ni nonon da aka sayo a kasuwa, an sirka shi da ruwa, ta ɗauko na ƙaramar ƙwarya da ke rufe da faifai a ƙarƙashin gado. Ta ce kada a sa sukari da yawa, tun ina jariri ba na son abu mai zaƙi. Ta ce takalmina na hagu ya fi cinyewa, tafiyar ubana ce. Matar da ba ta taɓa kallona ba ta san wane takalmina ya fi cinyewa. Ban san lokacin da take kallon ba.

Na sha furar nan ban ji ɗanɗanonta ba. Da ƙanwata ta rako ni na ce, "Yau ma awaki ne?" Ta ce, "Awaki ne, Yaya." Na ce Allah ya raya su. A cikin bas na juya fuskata ga taga har Gusau.

Da na tsaya a nan da na more. Na yi zuwa biyu ko uku a haka, ina zaune ina kwasar abin da ban samu ba tun ina yaro, ba wanda ya sani. Amma ni mutum ne da ba ya iya riƙe abu a ciki, in na iya abu sai an san na iya. Kuma na fara gaya wa kaina cewa zalunci ne in bar ta tana zaton ɗanta kurma ne. Na ce za ta yi murna. Wace uwa ce ba za ta yi murna ba ta ji ɗanta ya koyi yarenta da girmansa? Na tsara gaisuwa doguwa, na haddace, na yi ta gwadawa a gaban madubi. Ban kai wa dattijon ya duba mini ba, don a can ƙasan raina na san abin da zai ce.

Ranar kuwa gidan da mutane. Surukar ƙanwata ta zo, da wasu mata biyu dangin Inna da suka zo dubiya daga wajen Kwatarkwashi. Na ga haka na ƙara jin daɗi, na ce ga shaidu. An kawo mini fura na sha rabi na ajiye. Inna, tana fuskantar bango, ta ce wa ƙanwata a hankali, "Ƙara masa. Bai ƙoshi ba, kunyar mutane yake ji."

Sai na buɗe baki. Na ce, "Mi haari, Inna." Wato na ƙoshi.

Ban tsaya nan ba. Na matsa gabanta, na zubo gaisuwar da na haddace tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, ina kallon fuskarta. Na tambaye ta kwana, na tambaye ta jiki, na ce mata ni ɗanta ne kuma yanzu ina jin duk abin da take faɗa. Wannan na ƙarshen har sau biyu na faɗa, don na ga jimlar ta fito mini daidai.

Ɗaya daga cikin matan ta sa hannu ta rufe baki. Surukar ƙanwata ta kama gyara ɗankwali tana kallon sama. Sai Inna ta jawo mayafinta ta rufe fuska gaba ɗaya, ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, matar da sai an kama ta take tashi. Ƙanwata ta kai hannu, ta ture. Ta ja ƙafa ta shiga ɗaki ta saki labule. Ni kuwa ina durƙushe a tsakar gida da murmushina da bai gama sauka ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙanwata ba ta jira na kai bakin hanya ba, a zaure ta tare ni. Ban taɓa ganin ta ɗaga mini murya ba sai ranar.

Ta ce, "Yaya, mi kai haka? Tun yaushe kaka ji?"

Na ce ya ɗan jima.

Ta ce, "Kuma kaz zamna kana saurare kamar ɓarawo, sannan kat tona ta gaban mutane? Gaban danginta?"

Na ce ni murna na so in sa ta.

Ta ce, "Wace murna? Kai kana ganin da ni taka magana? Ni mi ya dame ni da takalminka? Tun ina yarinya haka taka yi in ka zo. Wuri guda ad da ita da taka iya zama uwarka ba ta ji kunya ba, shi ne inda ba ka ji. Yanzu ka shigo mata ciki da takalmi." Ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Matan ga kuma sai sun kai labari ruga, a ce tsohuwa na zaune tana lallashin ɗan fari."

Garin neman gira na rasa ido.

Na ba dattijon labari washegari, ina jiran ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ya dai murza carbinsa ya ce, "Abin da ya shiga kunne ba ya hita, Malam. Sai haƙuri." Na daina zuwa darasi. Na jefa abin kunnen a cikin aljihun tebur. Ko shirin rediyon ya zo sai in kashe, don duk kalmar da na gane tana tuna mini fuskar nan a rufe.

Ban daina zuwa Bunguɗu ba, amma zuwan ya koma azaba. In ta ji sallamata sai ta shige ɗaki. In ƙafar ta hana ta tashi, sai ta zauna shiru, baya gare ni, ba Hausa ba Fulatanci. Ƙanwata na aiki shiru, ni ina zaune shiru, sai kukan awakin nan biyu. A da ina da muryar uwata ban san abin da take cewa ba, yanzu na san yaren na rasa muryar. Ga jikin nata kullum ƙara ja baya yake yi. Abin da ke tsorata ni shi ne ta tafi a haka, ya zama kalmar ƙarshe tsakaninmu ita ce tawa, wadda na faɗa da ƙarfi ina jin daɗin kaina. Na yi tunanin ba ta haƙuri, na ga ba da haƙurin ma magana ce, kuma magana ce ta jawo komai. Na aika ƙanwata ta ce mata na manta yaren, ƙanwata ta ce ita ba ta yi wa Inna ƙaryar da ko akuya ba za ta yarda ba.

Damina ta wuce a haka, aka yi girbi. Wata Asabar ina shirin tafiya, ina neman kuɗin mota a aljihun tebur, hannuna ya ci karo da farar igiyar nan. Na tsaya ina kallonta. Mai ɗakina na gefe tana ɗaure mini ledar magani da dabino. Ta kalli igiyar, ta kalle ni, ta ce, "Ka tahi da shi mana. Mai koyon Hwaransanci ai ba ya jin abin da aka cewa kusa da shi."

Na je, na gaisa da Hausa, gajeriya, kaina a ƙasa. Ranar tana waje a kan tabarmarta, ƙafar ta kumbura ba ta iya shiga ɗaki. Na koma can ƙarƙashin dalbejiya, nesa da inda na saba, na juya gefe. Na ciro abin kunnen na toshe kunnuwana biyu, na riƙe waya a hannu, na sa mata ido. Na kama gyaɗa kai ina motsa baki da guntayen Faransancin da suka rage mini, kamar mai bin darasi. Mutum mai jikoki a hanya, ma'aikacin gwamnati, zaune yana wasan yara a gidan ƙanwarsa. Na ji kunyar kaina, amma wannan kunyar mai sauƙi ce a kan wadda na ɗauko.

Ba abin da ya faru ranar. Zuwa na biyu ma haka, sai dai ba ta nemi a kai ta ɗaki ba. A na uku, ina cikin gyaɗa kaina, ƙanwata na gyaran wake a faranti, sai na ji muryar. Ta dushe, ta yi rauni, amma ita ce. Ta ce wa ƙanwata nonon ƙaramar ƙwarya za a ba baƙo. Na ƙara matse wayar, na ci gaba da motsa baki.

Sannan ta ci gaba. Amma ba kamar da ba. A da maganarta na gudu ne, ina tsintar abin da na iya. Yau kalma ɗaya-ɗaya take ajiyewa, ƙanana, masu sauƙi, tana barin fili a tsakani, yadda dattijon ke yi mini a farkon karatu. Ƙanwata da aka haifa cikin yaren ba ta buƙatar a yi mata haka.

Ta ce, "Ranar da tsohuwar Tsafe ta zo ɗaukar wancan, ban fito ba. Mata suna kallo. Na zauna ina burka nono kamar ba abin da ya dame ni. Da suka yi nisa, na ɗauki ƙwarya na aza a kai, na ce talla zan je. Na bi bayansu ta cikin duwatsu har bakin titi. Na tsaya bayan wata tsamiya har mota ta zo. Yana ta kuka, ya jefar da hularsa. Da motar ta tafi na je na ɗauka."

Ƙanwata ta daina gyaran waken.

Inna ta ce, "Wata mata ta tare ni a hanya ta ce in auna mata nono. Na ce ya ƙare. Ƙwaryar ba komai a cikinta tun daga gida."

Rubutun da ke kan wayata ya narke, ban iya ganin komai. Ban ɗago ba. Na cije leɓe na ci gaba da gyaɗa kai, don shi ne kaɗai abin da ya rage in yi mata daidai.

Ta ɗan yi tari. Ƙanwata ta miƙa mata ruwa ta sha. Sannan, tana fuskantar bangonta, ta ce, "Ki duba mutumin Gusau. Igiyar tasa ma a ƙasa take ja, bai sa ta cikin wayar ba."

Na kalli gefena ta wutsiyar ido. Bakin igiyar na kwance a cikin ƙasa kusa da takalmina na hagu. Ban taɓa shi ba. Ƙanwata ta yi wata irin dariya da hawaye a ciki, ta tambayi Inna ko ta gaya mini.

Inna ta ce, "Ƙyale shi. Karatu yake yi." Ta gyara mayafinta, ta ci gaba da ba ƙanwata labarin hular.